Takardar da Kakana Ya Tafi Bai Karɓa Ba

Ranar sadakar uku ta kakana, sau biyu Gwaggo tana mintsinina a cinya don in daina dariya. Ba wai mutuwar ba ta taɓa ni ba. Ta taɓa ni har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Amma ku gaya mini yadda mutum zai riƙe fuskarsa: ina kai ruwa zaure, ga ƙattin maza masu furfura sun sauko daga motocin Agiye da Gazawa, wasu a amalanken jaki daga Sae Sabuwa, sun durƙusa sun yi addu'a, suna shafawa sai wannan ya dubi wancan ya ce, "Gud monin, mai firen," alhali an yi la'asar. Wancan ya amsa masa, sai su biyun su fashe da kuka.

Duk tsoffin ɗalibansa ne, masu ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu. Akwai direba, akwai mai sayar da hatsi a kasuwar Gidan Rumji, akwai wani jandarma mai ƙaton ciki da ya rantse har yau in ya ji an ce "Sake!" sai gabansa ya faɗi, ya fara laluben kayensa, wato littafin rubutu.

A cikin gida kuwa mata ne cike, kowace ta shigo sai ta ce, "Allah sarki Mushe, mutum mai haƙuri, mai natsuwa, ba ka jin motsinsa." Ta goma ta faɗi haka, sai Kaka, wato matarsa, ta ɗan ɗaga mayafi ta matso kusa da kunnena ta ce, "Waɗanga sun ɓata gida. Ba namu suke nufi ba." Nan ne na sha mintsini na biyu.

Shi ya sa na ɗauko kaye da bik ɗin rubutu. In aka bar wa masu gaisuwa, kafin shekara ta zagayo za su mai da shi wani dattijo mai sanyin murya da ke gyangyaɗi a gindin bishiya, wanda ba wanda ya taɓa gani a gidanmu. Ni jikarsa ce, kuma ƴar ajinsa. A gida ina ce masa Tsoho, a lakol, wato makarantar boko, ina ce masa Mushe. Shi kuma ko'ina Rediyo yake ce mini, wai ba a san inda ake kashe ni ba.

Tsoho bai iya zama ba. Tuwo a tsaye yake ci, yana zagaya tsakar gida da kwano a hannu, kaji na biye da shi kamar ƴan rakiya. In yana sauraren labarai, ƴar rediyonsa na manne da kunne, yana tafiya yana gardama da mai karantawa. Limamin unguwarmu ya taɓa cewa, ba don salla ta wajabta zaman tahiya ba, da ba wanda zai shaida gwiwar Mushe tana lanƙwasuwa. Awakinmu da Ingilishi yake korarsu, kuma suna ji. Akwai wata jar akuya da ta fi rabin ajinmu fahimta, ni ma a wasu ranakun ta fi ni.

A aji maganarsa ba ta wuce uku. "Buɗe baki, ba ya cizo!" Sai "Kuskure ba zunubi ba ne, shirun nan ne ba na so." Sai kuma "Sake!" Ko ka faɗa daidai sai ka sake, wai don bakinka ya san hanya.

Akwai wata yarinya a ajinmu, ɗiyar makiyaya daga wajen Sae Sabuwa, mai i'ina. In ta tashi magana sai kalmar farko ta maƙale, mu kuma mu fashe da dariya. Ni ce ke fara wa, ba zan ɓoye ba. Wata rana Mushe ya ce duk mu tashi mu juya mu dubi bangon baya. Shi ma ya juya ya dubi allo. Ya ce mata, "Ba mai kallonki. Yi magana da ƙeyoyinmu." Ta yi. Wata uku muna juya mata ƙeya duk lokacin da za ta amsa, har ran da ta ce da kanta mu juyo. Ni kuwa hukuncina shi ne aka mai da ni benci ɗaya da ita. Yau ba ni da ƙawar da ta kai ta.

Yadda ya samu Ingilishinsa kuwa, kakanninsa daga kudu suka zo, ƙetaren iyaka. Yana yaro aka mai da shi can wurin kawunsa ya yi boko, ya dawo da Ingilishi cike da baki, amma ba wata takarda da buro na nan, wato ofishin hukuma, ya yarda da ita. Lokacin ana neman masu koyar da harshen ido rufe, sai aka ɗauke shi na wucin gadi, wai kafin a samu mai difilom. Wucin gadin nan ya kai shi Agiye, ya kai shi Gazawa, ya dawo da shi garinmu, ya ci shekara talatin.

Sai zamani ya juya. Sojoji suka fara ja da baya, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, jam'iyyu suka tsiro ko'ina, wanda bai taɓa magana ba ma ya samu abin faɗa. Cikin sabbin dokokin da suka sauko har da wadda ta ce duk mai koyar da Ingilishi sai ya mallaki takardar shaida. Wanda ba shi da ita ya je babban birni ya yi kwas, ya rubuta jarrabawa, sannan masu duba malamai su zo har ajinsa su kalle shi yana koyar da darasi guda. In bai yi haka ba, ran da zai bar aiki za a rubuta shi a matsayin mataimakin malami. Tsoho kuwa saura masa kaɗan ya bar aiki.

Baba, ɗansa na fari, ya ce, "Don Allah ka bar wannan wahala. Wa bai san kai malami ne ba?"

Tsoho ya ce, "Shekara talatin ina shaƙar alli, takarda ta ce ban fara ba. Mataimaki? Wa na taimaka mawa? Ni kaɗai nake shiga ajin nan, ni kaɗai nake fita."

Da babban hutu ya hau mota ya tafi. Ya zauna benci ɗaya da sa'o'in ƴaƴansa. Ya ce biyu daga cikin masu koyar da su ma shi ya fara buɗe masu baki a Gazawa, kullum sai sun rasa inda za su sa idonsu. Ya ci jarrabawar rubutu, ya dawo da sabuwar riga fara, ya ce ba zai sa ta ba sai ranar da masu duba malamai suka zo.

Sau uku ana aiko da rana, sau uku ana ɗagawa. Yau an canja minista, gobe motar ba ta da lafiya, jibi malamai na yajin aiki. Kowane karo sai an zuba gawayi a dutsen guga an goge rigar nan, har na fara jin tsoron za ta ƙare a guga ba a sa ta ba. Kuma akwai doka guda da ta hana mu sakat: a cikin awar gwajin ba a yarda malami ya furta ko kalma ɗaya ta Hausa ko Faransanci ba. Don haka a kanmu yake gwadawa. Ka ce a miƙo maka gishiri, sai ya tsare ka da ido har sai ka roƙa da Ingilishi, miya na hucewa.

Yanzu sai in zo kan nawa laifin.

Shekarar nan mu ma ƴan lakol mun gano yaji. Kaka ta ce su a zamaninsu matan aure ke yi, ba su san yara ma sun samu miji ba. Yadda ake yi, manyan ajin ƙarshe su aiko da saƙo, kowane aji akwai mai riƙe da usur, ana busawa kowa ya kwashi kayensa ya yi waje. Ni ce mai usur ɗin ajinmu, don an ce ba wanda ya kai ni iska a ƙirji. Abin da muke nema, wani lokaci mun sani, kuma gaskiya ne: benci sun karye, littattafai babu. Wani lokaci kuwa sai mun fita muke tambaya.

Wata rana saƙo ya iso Mushe na tsakiyar jimla. Na dube shi, na dubi usur, na busa. Da yamma yana zagayen tsakar gida ya ce, "Ke, Rediyo, zo nan."

"Ga ni, Tsoho."

"Mi kuke nema yau?"

"Haƙƙinmu."

"Wane daga ciki?"

"Ba a gaya muna ba tukuna. Sai gobe."

"To ni ban hana ki neman haƙƙi ba. Amma ba ki iya bari in kai ƙarshen maganata? Kalma huɗu suka rage."

Wasa muke yi kullum, ni da shi, irin na jika da kaka, ba abin da ba na gaya masa. Sai bakina ya zarce. Na ce, "Ai kai ma da ka iya yaji, da ba ka shekara talatin kana wucin gadi ba."

Ya nemi turmi ya kife shi, ya zauna a kai. Kajin ma suka tsaya suna kallonsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kwana tara ba mu yi magana ba. In yana son abu sai ya ce wa Kaka, "Gaya ma jikarki." Ni ma in ce, "Gaya ma mijinki." Kaka ta ce ita ba gidan waya ba ce, kowa ya kai saƙonsa da ƙafarsa.

A rana ta tara, da ƙarfe takwas na safe, saƙo ya zo cewa yajin wannan karo na mako guda ne. Na busa. Kafin rabin awa filin lakol ya zama wayam, ƴan ƙauyuka har sun kama hanyar gida. Ina tsaye a bakin ƙofa ina cin ƙosai, sai ga wata farar mota ta shigo. Wata madam mai tabarau ta fito, da wani mutum mai rungume da fayil. Dirakta, shugaban lakol ɗinmu, ya fito a guje yana gyara hula. Ba wanda ya aiko da rana wannan karon. Sun zo kawai.

Na laɓe jikin taga na ji Madam tana cewa gobe dole su kasance a Gazawa. Za ta jira zuwa sha ɗaya. In babu aji, babu gwaji, kuma ba ta san ran da za a sake turo su ba.

Na leƙa ajinmu. Tsoho na tsaye cikin tsohuwar rigarsa, yana goge allon da ba komai a kansa. Ya gan ni. Bai kira ni ba, bai harare ni ba, ya ci gaba da gogewa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na zagaye garin nan da gudu. Duk gidan da na shiga, ɗan ajinmu ya tafi gona, ko ya ɓuya bayan rumbu don tsoron manya. Ƙawata mai i'ina kaɗai na samu, ba ta riga ta tafi ba. Muka dawo, manyan ajin ƙarshe sun tsare ƙofa, sun ce ba ɗan lakol da zai taka ciki. Na ruga gida na faɗa kan Kaka tana tankaɗe, ina magana ina kuka, har yau ban san yadda ta gane ba.

Ta ce, "Mutane kawai ake so a bisa benci?"

Na ce, "Masu koyo."

Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauko farar rigar nan ta ba ni, ta yafa mayafi. Gida gida ta bi tana cewa, "Ku fito, za mu lakol." Ba wadda ta tambaye ta dalili sau biyu. Inna ta fito, Gwaggo ta fito, mai ƙosan bakin lakol ta sauke kasko, maƙwabta suka biyo da goyo a baya, wata har da ludayi a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Da muka iso ƙofa shugaban masu yaji ya buɗe baki zai yi jawabi, sai ya hango uwarsa a layi na uku. Ta ce, "Matsa, ko in gaya ma abokanka shekarunka nawa ka daina fitsarin kwance." Ya matsa. Ni da ƙawata muka kutsa tsakiyar zannuwa. Ya dai samu ya fizge usur ɗin daga wuyana, ya ce mini maciya amana.

Madam ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce wa dirakta, "Waɗannan ne ƴan ajin?" Mai fayil ya ce wannan ba ya cikin tsari. Suka yi ta magana ƙasa ƙasa. Can Madam ta ce, "Takardar ta koyar da wanda bai iya ba ce. Ga waɗanda ba su taɓa farawa ba. In ya iya da su, ya iya da kowa." Ta dubi Tsoho, wanda ya riga ya zura farar rigarsa har ya saɓa maɓalli ɗaya, ta ce darasin da ta zaɓa shi ne iyali.

Ban taɓa ganin koyarwa irin ta ranar ba. Ba Hausa, ba Faransanci. Ya bugi ƙirjinsa ya faɗi kalma, ya nuna Inna ya faɗi wata, ya zana mace da ƴaƴa a allo, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matan suka fara da rufe baki da mayafi suna ƙyalƙyala. Ba dama ya ce su buɗe baki, sai ya wangame nasa yana nunawa da yatsa, har jaririn Gwaggo ya tsorata. Kafin minti ashirin ajin ya ɗauka. Mai ƙosai ta zama gwana, tana ɗaga hannu tana karkaɗa shi kamar za ta tsai da mota. Kowace ta iya cewa ga sunanta, ga sunan uwarta, ga na ƙanwarta, ga na ɗiyarta. Ya ratsa tsakanin benci, ya dawo, ya koma, zufa ta jiƙa rigar da aka shekara ana gogewa.

Ni da na san littafin na lura ya tsallake abu biyu, miji da ɗan fari. Kuma na san dalili. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Kaka ta haura shekara arba'in a gidan nan, ba wanda ya taɓa jin sunan Tsoho a bakinta. "Malam" take cewa, in ta ji haushi ta ce "wancan". In aka haifi yaro a unguwa aka sa masa sunan, sai ta laƙa masa wani nata. Shi kuma yana ce mata ɗiyar sarkin noma.

Saura minti biyar, Madam ta tashi, don doka ta ba ta dama ta gwada masu koyo da kanta. A birni ta girma, a ƙasar waje ta yi karatu, kuma ba wanda ya gaya mata wace ce wace. Ta nuna tsohuwar da ke benci na gaba, ta tambaye ta da Ingilishi, a hankali, mene ne sunan mijinta.

Matan suka dubi juna.

Madam ta maimaita. Mai fayil ya cire murfin bik ɗinsa ya fara rubutu. Su a ganinsu darasin ne bai shiga ba. Amma Kaka ta ji sarai. Shekara talatin tana jin harshen nan ta katanga, ana koya wa yara da awaki. Ta dubi bik ɗin nan yana tafiya a kan takarda. Ta dubi Tsoho. Sai ta dafa benci ta tashi, ta gyara mayafi, ta fara jimlar da Ingilishi, kalma bayan kalma, daidai yadda ake faɗa. Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Inna ta rufe ido. Saura sunan kawai.

"Zauna, ɗiyar sarkin noma," in ji Tsoho, da Hausa, da ƙarfi, har dirakta ya zabura. "Takarda ba ta kai nan ba."

Kaka ta tsaya baki buɗe, sannan ta zauna.

Bai ko dubi masu duba shi ba. Ya koma Ingilishi, ya nuna Kaka, ya juya ga mai ƙosai ya tambaye ta mene ne sunan mijin wannan. Mai ƙosai ta kwaɗa sunan da murya har waje. Aji ya ɓarke. Daga nan kowace ta riƙa faɗin sunan mijin ta kusa da ita, wasu na ƙarawa da bayanin halinsa da Hausa ƙasa ƙasa, har lokaci ya cika. Dirakta ya raɗa wa Madam abin da ya faru. Ta daɗe tana kallon Kaka. Ta gaisa da Tsoho, ba ta ce ya ci ba, ba ta ce ya faɗi ba, suka shiga mota.

A hanyar gida ya fara yi mini magana. "Rediyo, ina usur ɗin?"

"Sun ƙwace."

"Kin shiga aji ranar yaji?"

"Na shiga."

"Ba ki kyauta ma abokanki ba," ya ce. Muka yi ƴan taku. "Amma na gode."

Bayan wata biyu takarda ta zo daga buro, layi biyu kacal: a sake gwajin in an buɗe lakol bayan damina. Ba dalili. Daga ranar gidanmu bai huta ba. Kaka ta ɗora wa kanta. Ana cin abinci sai ta ce, "Da ka bar ni na faɗa. Kalma guda ce, da yanzu an wuce wurin." Shi kuma ya ce, "Ba ke ba ce. Hausar da na yi ce. Bakina ne, ni na san doka na taka." Ta ce ai saboda ita ya taka. Ya ce ai bakinsa ne ba nata ba. Haka safe, haka yamma.

Ni kuwa wani abu na ci na a ciki. Rannan muna gona na ce, "Tsoho, ko dai usur ɗina ne?"

Ya ce, "Ke kin cika son a ce ke ce. Komai ke, komai ke. Ɗauki hauyarki."

Duk daminar nan yana shirin darasi. Yana bin kunya kunya yana maimaitawa, gero na sauraro. Da geron ya fara nuna zazzaɓi ya kama shi, ya sauka a ƙirji. Saura mako guda a buɗe lakol, da hantsi, ya ce in matso. Ya ce in gaya wa ƴan ajinmu ranar gwaji su zo da wuri, kuma kada a zaunar da dogaye a gaba. Na ce to. Kafin azahar ya cika.

Bayan sadakar arba'in da ƴan kwanaki farar motar ta dawo. Kaka na cikin takaba, ba ta fita. Ta kira ni ta ce, "Tafi wurin matar nan. Ki ce tsohuwar benci na gaba ta aiko ki. Ina so in sani ko ni ce."

Na samu Madam a buron dirakta, an riga an gaya mata. Ta yi mini gaisuwa, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na isar da saƙo. Ta ce, "Ki gaya mata ba ita ba ce. Ban taɓa ba wani malami makin da na ba shi ba. Hausar da ya yi ma na rubuta cewa daidai ya yi. Can sama ne suka ce ba a yi gwajin gaban ƴan lakol ba, biyu kawai ke cikin rajista. Da ajinsa na nan ranar, da ya samu."

Na ce, "To yanzu ba a ba shi? Ko mu rataye a ɗaki?"

Ta girgiza kai. "Ba a ba wanda ya rasu." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ai ya san dalilin. Ni da hannuna na rubuta masa wasiƙa tun kafin damina, na gaya masa komai."

Ba ta san wadda take gaya wa ba.

Daga lakol zuwa gidanmu ba nisa, amma ranar na bi ta kasuwa, na bi ta bakin rijiya, na zagaya bayan masallaci. Ni da kowa ya san na iya ƙara wa labari gishiri, kafin in kai ƙofa na shirya guda uku, kowanne ya fi wani daɗi, kuma ba usur a ko ɗaya. Na shiga na tarar da Kaka a kan tabarma, ta zuba wa ƙofa ido.

"Mi ta ce?"

Duk ukun suka gudu suka bar ni. Na durƙusa na ce, "Ba ke ba ce, Kaka. Ba Hausarsa ba ce kuma. Don babu ƴan aji ne. Ni na kore su. Kuma ya sani, an rubuto masa tun kafin damina."



"Ya sani," ta ce, "ya bar ni ina yi mashi masifa damina guda?"

"Ya sani."

"Ashe da na faɗi sunan nan a banza, gaban matan unguwa duka." Wata ƴar dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ban ji ba tun ran da aka fita da shi, sai ta juye ta zama kuka. Ta share ido da bakin mayafi ta dube ni. "Mutum ya rufa maki asiri har ya shiga kabari da shi, ke kuma kin zo da ƙafarki kin tone. Ke dai ba a iya yi maki alheri. Matso nan."

Na matsa. Ta ɗora kaina a cinyarta, muka yi masa addu'a tare, ita tana faɗa ina amsawa.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. In an tambaye ku wa kuke yi wa, ku ce wani malami ne. Ni na zauna a ajinsa, na shaida.